Bashi ya ɓata mini suna, wa zai ba ni hayar gida a Yamai?

"Assalamu alaikum. Da ina aiki da wata ƙungiya a nan Yamai, sai aka rufe aikin a ƙarshen 2023. A lokacin akwai bashin banki a kaina, na kasa ci gaba da biya. Mai gidan da nake haya shi ma yana bi na kuɗin wata huɗu har na tashi. Yanzu ni da matata da yara uku muna zaune gidan yayana a Talaje. Allah ya sa na samu wani aiki, ina son in kama gida. An ce mini sunana yana cikin baƙin littafin bankuna, duk mai gidan da ya bincika zai gani. Gaskiya ne? Kuma yaya zan yi in samu wanda zai yarda da ni?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka cikin sabon aikin, ya saka wa yayanka da alheri. Na fahimci bashi biyu ne a kanka, na banki da na tsohon mai gida, kuma hankalinka ya fi tashi a kan na banki. Na yi aiki a sashen ba da rance na wani asusu kafin in koma kula da gidajen haya na mutane, don haka na zauna a kujerun nan biyu. Abin da na gani shi ne, a Yamai bashin banki ba kasafai yake hana mutum gida ba. Wata huɗun nan da ka bari a baya su ne za su riga ka isa ƙofar sabon mai gida, kuma su ne kake da ikon gyarawa da hannunka.

Abin da banki ya rubuta da wanda ke iya ganin sa

Littafin da aka gaya maka akwai shi, amma ba kamar yadda ake ba da labarinsa ba. Nijar ta fita daga CEDEAO, sai dai har yanzu tana cikin ƙasashe 8 na UEMOA masu amfani da sefa, ƙarƙashin babban banki BCEAO mai cibiya a Dakar. A wannan yanki an kafa ofishin tattara bayanan bashi da ake kira BIC, kamfanin Creditinfo ne ke gudanar da shi, ya fara aiki a 2016. Bankuna da asusun ba da rance suna aika masa bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda yake biya. Mai biya a kan lokaci ma sunansa yana ciki, ba masu taurin bashi kaɗai ake rubutawa ba. Cikin takardun da ka sa wa hannu ranar karɓar rance, galibi akwai wadda ka yarda a ba da bayaninka.

Masu duba wannan rumbu su ne masu ba da bashi da suka yi rajista da ofishin, kuma da izinin mai bayanin. Alhajin da ke da jerin ɗakuna a Banifandu ko Hajiyar da ta gaji gida a Lazare ba su da hanyar shiga. In ma suka je bankinka suka tambaya, dokar sirrin banki ta hana a gaya musu. Labarin da ke yawo a intanet cewa mai gida yana duba makin mutum kafin ya ba shi makulli, labarin Amurka ne. Can akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ana ba mutum maki daga 300 zuwa 850, kuma masu gidaje suna dubawa. Mu nan ba haka muke ba.

Akwai wani rumbun daban a BCEAO na waɗanda suka ba da cek alhali babu kuɗi a asusu. Wannan yana iya jawo a hana mutum rubuta cek har shekara 5 in bai gyara ba. In ba ka taɓa ba da irin wannan cek ɗin ba, bai shafe ka ba.

Duk da haka kada ka juya wa bankin baya. Dalilina ba mai gida ba ne, albashinka ne. Banki yana iya bin hanyar kotu a riƙa cire wani kaso daga albashin mai bashi, kuma gara ku zauna ku tsara abin da za ka iya da a yanke maka ba shiri bayan ka riga ka kama gida. Ka je da kanka wurin mai kula da asusunka, ka kai takardar sabon aiki, ka nemi a sake shimfiɗa maka biyan a kan abin da ƙarfinka zai ɗauka, a rubuce. Lokacin da nake wancan aiki, wanda ya kawo kansa kullum ya fi samun sassauci a kan wanda sai an nemo shi. Ka kuma nemi rahotonka na BIC. Doka ta ba kowa damar karɓar sa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar neman gyara in an rubuta abin da ba daidai ba. Yana faruwa mutum ya biya wani ɓangare amma ba a shigar ba.

Wuri ɗaya ne maganar banki takan fito a harkar haya, wato wajen kamfanonin dillancin gidaje masu riƙe da manyan gidajen Filato da Kwara Kano, domin sukan nemi takardar albashi, wani lokaci har da bayanin shige da ficen asusu. Ba can za ka nufa yanzu ba, don haka mu bar shi.

Wata huɗun nan

Yamai ta yi girma, amma harkar haya ƙaramar duniya ce. Dillalai sun san juna, a fada ɗaya suke shan shayi. In aka kawo mini mai neman gida, tambayata ta farko ita ce ina yake zaune da, ta biyu me ya tashe shi. Daga nan waya ɗaya ko biyu sun isa. In ban samu tsohon mai gidan ba, zan samu dillalin unguwar, ko mai gadi, ko mai shagon bakin layi. Duk mai gida mai hankali haka yake yi.

Ya kamata ka san abin da ke sa su wannan bincike, don kada ka ɗauka mugunta ce. Da yawa cikin masu gidajen nan ba attajirai ba ne. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin ritayarsa a ɗakuna huɗu, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuɗin hayar shi ne cefanensu da kuɗin makarantar yara. Sannan fitar da ɗan haya ba abu ne mai sauƙi ba. Hayar gidan zama a Nijar tana da dokarta, mai lamba 96-016 ta 18 ga Afrilu 1996, kuma mai gida ba shi da hurumin cire ƙofa ko watsa kayan mutum waje da kansa, sai ya bi ta kotu da wisiye, wato mai isar da takardun kotu da zartar da hukuncinta, ya kashe kuɗi, ya jira. Tun da ya san in mutum ya shiga fitar da shi wahala ne, sai ya tsananta tun a bakin ƙofa.

Amma masu gida suna bambanta masu bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shi kansa mai gidan wataƙila ana bin sa kuɗin siminti. Wanda ba sa yafewa shi ne wanda ya kwashe kaya da dare, ya canza lambar waya, ya bar faktir ɗin NIGELEC da na ruwa sun taru a kan kontar gidan. Wannan na ƙarshe yana ƙona musu rai ƙwarai, domin sai sun biya kafin a maido wuta wani ya shiga. Wanda ya zo ya yi sallama, ya faɗi halin da yake ciki, ya amsa cewa ana bin sa, shaidarsa daban ce ko da bai gama biya ba.

Saboda haka kafin ka kira dillali ko ɗaya, ka koma wurin tsohon mai gidanka. Na san da nauyi. Kada ka je kai kaɗai, ka ɗauki yayanka ko wani dattijo da yake jin kunyarsa, limamin unguwa ko mai unguwa in abin ya yi tsami. Kada kuma ka je hannu rabbana, ko jika 20 ne ka riƙe. Ku zauna ku yi lissafi tsakani da Allah, domin sau da yawa bashin bai kai yadda mutum yake jin sa a zuciya ba. A ce hayar jika 50 ce, wata huɗu jika 200 ke nan. In ka ba da kuɗin ajiya, wato kosiyo, na wata biyu lokacin shiga kuma suna hannunsa, saura jika 100, sai abin da ya kashe a gyaran ɓarnar da ta fito daga gare ku da ragowar wuta da ruwa in akwai. Jika 10 a wata, cikin shekara guda ka fita. Ku rubuta jimillar da ranar biya, ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Dattijon da ka tafi da shi ya fi ka dacewa ya tuna masa wannan.

Bayan ka biya sau biyu ko uku ba tare da saɓawa ba, ka roƙe shi abu ɗaya: in aka kira shi, ya faɗi gaskiya, cewa ka zauna lafiya, aiki ya tsaya ka kasa, yanzu kana biya. A wurina irin wannan shaida ta fi ta baƙon da ba wanda ya san shi ƙarfi, domin ta nuna mini yadda mutum yake in abubuwa suka lalace. Na sha ba irin waɗannan makulli, kuma galibi sun fi kowa kiyaye ranar biya.

Yadda za ka tunkari sabon mai gida

Ka riga shi faɗa. Kada ka jira ya ji a bakin wani, domin in ya ji daga baya, ba bashin zai gani ba, ɓoyewar zai gani. Ba sai ka ba da dogon tarihi ba: aikina ya tsaya a 2023, na tashi ana bi na wata huɗu, ga takardar sulhun da muka yi, ga rasi na abin da na biya, ga lambar mai gidan, ga takardar sabon aikina. Lokacin da abin ya same ka ma yana taimakonka. Kowa ya san takunkumin da aka sa wa ƙasar nan bayan 26 ga Yuli 2023 har zuwa Fabrairu 2024, lokacin da cire kuɗi a banki ya zama wahala, iyakoki suka rufe, ayyukan ƙungiyoyi da dama suka tsaya. Masu gidaje da yawa sun ga ƴan hayarsu na kirki sun kasa a wannan lokaci.

Akwai masu ba da shawarar a kama gidan da sunan wani, kai kuma ka shiga a ɓoye. Ban yarda da wannan ba. In matarka tana da sana'a ko albashi kuma za a rubuta kontira da sunanta ko da sunanku biyu, mai gida yana sane, wannan daidai ne. Aron suna don ruɗar mutum kuwa, ranar da ya gane ka rasa gidan da mutuncinka tare.

Abin da ke kwantar wa mai gida hankali shi ne ya ga ta inda kuɗinsa za su riƙa fitowa. Ka nuna takardar shaidar aiki da ta albashin watannin da ka yi. Ka nemi ranar biya ta faɗo kwana biyu ko uku bayan ranar albashinka, ba farkon wata kawai don al'ada ba. Ka ce za ka riƙa turawa ta NITA ko Amana ko Airtel Money, ko banki ya riƙa tura masa kai tsaye, yadda kowane biya zai bar shaida. Wasu wuraren aiki suna yarda su cire kuɗin haya daga albashi su miƙa wa mai gida, ka tambayi mai kula da ma'aikata.

Sai mai tsaya maka. Yayanka ne na farko da zai zo a rai, kuma in yana da albashi ko shago sananne, wannan kaɗai yana iya buɗe ƙofa. Sai dai ku san nauyin abin. A dokar lamuni ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, tsayawa wani ana yin ta a rubuce, mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da haruffa da lambobi, in kuma bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu. Wannan iyaka kariya ce gare shi. Ku tsaida ta a kuɗin wata uku, misali, na tsawon shekara ɗaya. Mutumin da ya ɗauke ku ku biyar a gidansa bai kamata a ɗora masa abin da ba shi da iyaka ba. Na ga zumunci ya lalace a kan wannan, ba sau ɗaya ba.

Kuɗin shiga da girman gidan

Nan ne na fi jin tsoro a kanka. Wanda sunansa ya taɓu yakan so ya sayi yarda da kuɗi, ya ce zai ba da abansi, wato kuɗin haya tun kafin lokaci, na wata shida. In kuɗin naka ne, babu laifi, yana aiki. In rance za ka ci don ka yi haka, kada ka yi. A 2014 an tsaida iyakar ruwan bashi a yankin UEMOA a kan kashi 15 cikin 100 a shekara a banki, kashi 24 a asusun ba da rance, masu ba da bashi a unguwa kuwa ba ruwansu da wata iyaka. Bashi na uku a kan biyu, ga haya tana jira a wata na bakwai, hanyar komawa gidan jiya ke nan.

Ka yi lissafin shiga tun yanzu. A gidan jika 40, in aka ce abansi wata biyu, kosiyo wata biyu, ladan dillali wata ɗaya, jika 200 ke nan kafin ka ɗauki mota ta kwashe kaya. Gara ka ƙara haƙuri wata biyu ko uku a gidan yayanka, kana taimakawa da cefane da kuɗin wuta, ka tara ko ka shiga adashi ka roƙi kwasar farko-farko. Ka gaya wa yayanka da matarsa watan da kake sa ran tashi, zaman zai fi sauƙi ga kowa, musamman ga matan. Ana kuma iya roƙon a raba kosiyo kashi biyu ko uku, ko a fara da kontira ta wata shida, in an ga alheri a sabunta. Masu gidan da ke zaune cikin gidan ko maƙwabtaka sun fi karɓar irin wannan magana, domin da kai suke magana ido da ido, ba da takarda ba.

Game da girman gida, ƙa'idar da nake bi ita ce haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa, amma kai za ka lissafa ne bayan ka cire bashi. In albashi jika 180 ne, banki na ɗaukar 35, tsohon mai gida 10, abin da ke hannunka 135 ne. Kashi ɗaya cikin uku 45 ke nan, kuma ina so wuta da ruwa su shiga ciki. Wataƙila wannan yana nufin ɗaki biyu da falo a gidan haɗaka maimakon gida kai kaɗai irin na da. Ka karɓa. Shekara ɗaya ta rasi 12 ba fashi ita ce za ta maido maka da suna, daga nan ka nemi wanda ya fi. Ka sa kuɗin zirga-zirga cikin lissafi, domin gida mai araha a can ƙarshen gari yana iya cinye rarar a kuɗin taksi da faba-faba da kai yara makaranta.

Kada matsuwa ta sa ka karɓi kowane gida. Wasu dillalai in suka ga mutum ba shi da bakin magana sai su tura masa gidan da kowa ya ƙi. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga Lamorde da Kirkisoi da Saga, dubban mutane suka rasa matsuguni, kuma ko nesa da kogi akwai kwarurrukan da ruwan sama ke kwanciya. Ka duba gindin bango ko akwai alamar ruwa, ka tambayi maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta. Kada ka ba dillali kuɗi kafin ka ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, musamman gidan gado da magada ba su daidaita ba. Ranar shiga ku rubuta kontira, ku ɗauki hoton bango da ƙofofi da lambar da ke kan kontar wuta da ta ruwa, ka tabbatar babu tsohon faktir a kai. In kontar ɗaya ce ga gidan duka, a rubuta yadda ake raba kuɗin.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Duk da wannan shiri, wani zai ƙi ka. Akwai wanda aka cuta har ya rantse ba zai ƙara ba, kuma babu takardar da za ta juya shi. Kada ka yi jayayya, ka yi godiya ka wuce, domin dillalin da ke tsaye yana kallon yadda ka karɓi ƙin, shi ne zai kai ka gida na gaba. Abin da na faɗa kuma ya shafi gidan zama ne. Hayar shago ko ofis tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, hukuncinta daban.

Ni ba lauya ba ne, kuma maganata ta tsaya a inda sulhu ke yiwuwa. In ka je ka tarar tsohon mai gidan ko banki sun riga sun kai ƙara, ko aka ƙara maka kuɗin da ba ka yarda da su ba, ka nemi lauya, in babu hali ka je hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, wadda aka kafa don masu ƙaramin ƙarfi. In wisiye ya kawo maka takardar umarnin biya, kada ka ƙi karɓa, kada kuma ka jefa ta a aljihu. Kwanakin da aka ba ka na ƙalubalantar ta ƙalilan ne, a jikin takardar aka rubuta su, kuma daga ranar da aka miƙa maka ake fara ƙirgawa. Ka kai ta ga wanda zai karanta maka a ranar, tare da kontirar tsohon gidan da duk rasin da ka ajiye.